Gargaɗi ga Jama'ar Maraɗi: Wanda Ya Suma Zuciyarsa Na Gudu, Kada Ya Kwana a Gida

Jama'ar Maraɗi, da na Tibirin Gobir, da na Jiratawa da ƙauyukan bakin Gulbi, ina roƙonku ku tsaya ku karanta wannan, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Duk mutumin da ya ji zuciyarsa ta ɗauki gudu haka kawai, ba tsoro ya ji ba, ba aiki yake ba, sai jiri ya biyo baya, idonsa ya yi duhu, ko ya yanke jiki ya faɗi, a kai shi asibiti a cikin awar nan. Ko ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ko ya yi dariya ya ce ba komai, ko ya rantse ya warware, a kai shi. Idan kuwa dama an san shi da ciwon zuciya ko hawan jini, ko mace ce mai tsohon ciki, ko wadda ta haihu cikin watanni biyar zuwa shida da suka wuce, to maganar ta wuce shawara. Mota kawai za a nema.

Abin da ke cutar mu a wannan al'amari shi ne saurin farfaɗowa. Zazzaɓi yakan kwantar da mutum kwana da kwanaki, kowa ya gani ya tausaya, a haɗa kuɗin magani. Wannan kuwa cikin minti guda ya zo ya wuce. Dattijo ya faɗi a sahun sallah, kafin a kawo ruwa ya buɗe ido yana tambayar me ya tara jama'a. Mace ta zube a bakin murhu, ta tashi ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Sai a ce yunwa ce, ko rana ce ta buge shi, wani ya ce iska ce ta gitta, wata ta ce baki ne. Kowa ya watse. Alhali zuciyar da ta rikice sau ɗaya tana iya sakewa, kuma a karo na biyu ba lallai ne ta dawo daidai da kanta ba.

Ga abin da ke faruwa a cikin ƙirji. Zuciya tana da wata 'yar wutar lantarki tata, wadda Allah Ya halitta a cikin namanta, ita ke ba ta umarnin bugawa. Babban mutum da ke zaune a huce, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. Tsakanin bugu da bugu takan ɗan saki ta cika da jini, sannan ta matse ta tura shi ga ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Idan wannan wuta ta rikice, bugun yana iya haurawa 150, 180, har ya wuce 200. Manoman rani na Jiratawa sun san injin ban-ruwa idan ya ja iska: yana ta ƙara yana ta gudu, amma bakin tiyo babu ruwa. Haka zuciya ke yi idan ta yi gudun da ya hana ta cika. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da haƙurin rashin jini, sakan goma bai cika ba mutum ya faɗi. Akwai kuma akasin haka, musamman ga tsofaffi, inda bugun ke raguwa zuwa 40 ko 30, ko ya ɗan tsaya cak sannan ya kama. Tsohon da ke yawan faɗuwa ba dalili, yau ya fasa goshi gobe ya goge gwiwa, ba koyaushe ne tsufa kaɗai ke kayar da shi ba.

Ba kowace suma ce ta zuciya ba, kuma ba na son in tayar wa kowa hankali a banza. Yaron da ya daɗe tsaye a rana a filin makaranta, ko wanda ya ga jini, ko wanda ya zabura daga kwance ya miƙe, yana iya suma. Irin wannan takan yi sallama kafin ta zo: gumi ya keto, zuciya ta tashi, kunne ya toshe, mutum ya samu sararin neman wurin zama. Ta zuciya ba ta sallama, ko kuma gudun bugun ne kaɗai sallamarta. Ku lura da lokacin da ta zo. Idan mutum ya suma yana tsakiyar aiki mai ƙarfi, yana huɗa, yana daka, yana gudu a filin ƙwallo, wannan babbar alama ce. Idan ya suma yana zaune ko yana kwance, ita ma haka. Idan ta zo da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko leɓe ya yi duhu, ko kuma a gidansu an taɓa yin matashi da ya mutu fuju'a, kada a yi gardama. Kuma ku sani wanda zuciyarsa ta kayar yana iya ɗan shure-shure na 'yan sakanni, idonsa ya kafe, har fitsari ya kufce masa. Jama'a su ce farfaɗiya ce, su ja da baya suna gudun yawunsa. Farfaɗiyar ma ba a ɗaukarta ta yawu, balle wannan da ba ita ba ce.

To, mutum ya faɗi a gabanka. Me za ka yi?

Ka fara da kiran sunansa da ƙarfi, ka girgiza kafaɗarsa, ka dubi ƙirjinsa ko yana hawa da sauka. Idan yana numfashi daidai amma bai farka ba, ka kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, ka sassauta masa wuyan riga, a ba shi iska, a nemo mota. Kada a ɗura masa komai a baki, ko ruwa, ko kunu, ko rubutu, ko man shanu. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya. Kada a cusa masa cokali tsakanin haƙora, kada a turnuƙe shi da hayaƙi, kada a ɗaga shi a zaunar da ƙarfi. Idan ya farka, ya ci gaba da kwanciya, a ɗan ɗaga ƙafafunsa a kan matashi. In numfashi ne ke yi masa wuya a kwance, sai a jingina shi. Mai ciwon sukari da ke shan magani, idan yana a farke yana karkarwa yana gumi, a ba shi ruwan sukari, domin faɗuwar sukari ma tana sa zuciya gudu, amma duk da haka a kai shi a duba.

Idan kuwa bai amsa ba, kuma ba ya numfashi, ko yana wani irin jan numfashi ɗai-ɗai kamar minshari ko kakari, to zuciyar ta tsaya. A nan nake son mu yi magana ta gaskiya. Mu idan muka ji wannan kakarin, abin da ke zuwa mana shi ne lokaci ya yi, sai mu kewaye shi muna laƙƙana masa kalmar shahada. Ba wanda ya ce a bar shahada. Baki ya yi shahada, amma hannu ya yi aiki. A shimfiɗe shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba kan katifa ba. Ka durƙusa a gefensa, ka ɗora tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a bisa, ka miƙe gwiwoyin hannu, ka danna da nauyin jikinka har ƙirjin ya shiga kamar santimita 5 zuwa 6, ka saki ya dawo, ka sake dannawa, sau 100 zuwa 120 a minti. Wani ya kira lamba 18 ta 'yan kwana-kwana, wani ya ruga ƙaramin asibitin CSI mafi kusa ya kira majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin. Idan ka gaji wani ya karɓe ka, kowane minti biyu, ba tare da an tsaya ba. Haƙarƙari yana iya tsagewa, kada wannan ya tsayar da kai, ƙashi yana ɗoruwa. Ƙwaƙwalwar da ta yi minti huɗu zuwa shida ba jini ta fara lalacewa, kuma kowane minti da ya wuce ba a danna ba, damar tsira tana raguwa da kusan kashi goma cikin ɗari.

Idan mace ce ta faɗi, a danna mata kamar yadda za a danna wa namiji. In akwai mace a kusa da za ta iya, madalla, ta yi. In babu, wanda ke wurin ya yi, a bisa rigarta. Ina faɗin wannan ne don na san halinmu na kunya, kuma na san ana iya tsayawa neman muharrami har lokacin ceto ya wuce. Malamanmu sun san hukuncin lalura, ina roƙonsu su faɗa wa mutane a wa'azi tun kafin ranar ta zo.

Masu kallon ƙwallo za su tuna ranar 26 ga Yuni 2003, a birnin Liyon na Faransa, lokacin da Marc-Vivien Foé ɗan Kamaru ya faɗi a tsakiyar fili ana wasa da Kolombiya, ba wanda ya taɓa shi. Shekarunsa 28, ƙaƙƙarfan mutum, bai tashi ba. Binciken gawarsa ya nuna naman zuciyarsa ya yi kauri fiye da ƙima, cutar da takan bi jini a cikin dangi. Shekara 18 bayan haka, ranar 12 ga Yuni 2021, Christian Eriksen ɗan Denmak ya faɗi irin wannan faɗuwar ana wasa da Finlan. Nan take a cikin fili aka shiga danna masa ƙirji, aka kawo na'urar da ke ba zuciya girgizar lantarki, zuciyarsa ta kama. An dasa masa wata 'yar na'ura a ƙirji, ya koma ƙwallo, har ya buga gasar cin kofin duniya ta 2022 a Ƙatar. Mu ba mu da irin na'urar girgizar lantarkin nan a filayen unguwa, kuma gaskiya ne cewa sau da yawa danna ƙirji lokaci kawai yake sayo wa mutum kafin a kai ga na'urar. Amma wanda ba a danna wa ba, ko an kai shi gaban na'urar, ba abin da za ta tarar. Masu horar da yara a filayen Maraɗi da Tibiri su riƙe wannan: ɗan wasan da ya faɗi ba wanda ya taɗe shi, ba a jiran ya tashi, kuma wanda ya taɓa suma yana gudu ba ya komawa fili sai likita ya duba zuciyarsa.

Yanzu ga waɗanda na fi ji wa tsoro, wato masu jego.

Akwai wani ciwon zuciya da ke kama mace a watan ƙarshe na ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, naman zuciyar ya saki, ta kumbura, ta kasa tura jini. Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a duniya. A shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarinsa, suka ga yana kama kusan mace ɗaya cikin kowace ɗari da ta haihu a yankin. Sun ɗora zargi a kan wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gado mai wuta, da kunun kanwa. A Yamai, farkon shekarun 1990, likita Cénac da abokan aikinsa sun tarar matan da ke da ciwon suna da ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyom a jininsu. Binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye ya jagoranta daga Kano a shekarun baya-bayan nan bai tabbatar da cewa al'adun jego ne tushen ciwon ba, ya fi nuna rama, da talauci, da hawan jinin ciki, da wannan ƙarancin seleniyom. Saboda haka ba na zuwa in ce kakanninmu ne suka jawo. Amma abu ɗaya ba shi da gardama: kanwa gishiri ce mai riƙe ruwa a jiki, kuma zuciyar da ta riga ta raunana ba ta iya ɗaukar kunun kanwa da zafin ruwan wanka. Zuciyar da ta kumbura ita ce wutarta ta fi saurin rikicewa, har mace ta faɗi da jariri a hannu.

Iyayenmu mata, gwaggwanni da innoni masu zaman jego, ku ne idonmu a cikin ɗakin. Idan mai jego ta ce gabanta na faɗuwa, kada ku ce sabon haihuwa ne. Ku duba: tana haki idan ta je bayan gida ta dawo? Tana kasa kwanciya rigingine sai ta tara matasai? Tana farkawa cikin dare tana neman iska, tana tari? Ƙafafu da fuska sun kumbura? Wannan kumburin ba ƙibar jego ba ce. A dakatar da kanwa da wankan zafi, a kai ta asibitin uwa da yaro na Maraɗi ko CSI, ba sai an yi arba'in ba, ba sai an yi suna ba. Maigida kuma ya bar izini a buɗe, cewa ko ba ya gari a fita da ita. Da yawa daga masu wannan ciwo suna samun sauƙi idan an kama shi da wuri, amma wadda ta taɓa yi, kada ta sake ɗaukar ciki sai likita ya duba zuciyarta ya ce ta murmure. Na san wannan magana tana da nauyi a gidajenmu. Maraicin jariri ya fi ta nauyi.

Sai yara da matasa waɗanda ciwon maƙogwaro ya ɓata wa ƙofofin zuciya. Yaro tsakanin shekara 5 da 15 ya yi ciwon wuya da zazzaɓi, ba a ba shi maganin da ya dace ba, bayan 'yan makonni gaɓoɓinsa su kama ciwo, yau gwiwa gobe idon sawu. Ya wuce, a manta. Bayan shekaru sai ga budurwa ko saurayi yana haki, zuciya tana bugawa ba tsari. Wanda likita ya rubuta wa allurar penisilin ta kowane mako uku ko huɗu, kada ya tsallake ko ɗaya, ita ce ke hana ƙofar ƙara lalacewa. Yaron da wuyansa ke ciwo kuma, a kai shi likita, a bar yanke beli.

Dattawa masu hawan jini suna da nasu. Akwai wani rikicewar bugu da ya fi kowanne yawa a cikinsu, inda ɗakunan sama na zuciya ke karkarwa maimakon matsewa, sai ka ji bugun yana tsalle, biyu da sauri, ɗaya ya ɓace, uku su biyo. Wani ba ya ma jin komai. Haɗarinsa shi ne jini yakan kwanta ya daskare a cikin zuciyar, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Mai wannan matsala ya fi wanda ba shi da ita haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan ninki biyar. In kun ga baki ya karkace, hannu ɗaya ya mutu, magana ta harɗe, ko da ya warware bayan minti goma, asibiti za a nufa, kada a tsaya shafa mai.

Jin bugun jini abu ne da ya kamata kowane gida ya iya. Ka sa yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka dubi agogon wayarka, ka ƙirga minti guda cur. Ka riƙe adadin, ka lura ko yana tafiya daidai ko yana tsalle, ka rubuta da lokacin da abin ya fara da lokacin da ya tsaya. Wannan 'yar takarda tana da daraja a wurin likita, domin sau da yawa kafin a isa asibiti bugun ya koma daidai, na'ura ba ta ga komai ba. Bugun da ya kai 150 mutum na zaune, ko ya sauka ƙasa da 40 tare da jiri, na gaggawa ne. Kada kowa ya matse wa mai wannan hali jijiyar wuya ko ya danna masa ido wai don bugun ya sauka. Dabarun da ake yi don haka, likita ne ke koya wa wanda ya tabbatar da irin ciwonsa.

Maganar magani kuwa, nan ne muke yi wa kanmu illa da hannunmu. Mutum ya ji sauƙi ya ajiye maganin zuciya, ko kuɗi ya ƙare ya ce sai an sayar da gyaɗa. Irin su atenolol da bisoprolol da propranolol, yanke su farat ɗaya yana iya sa zuciya ta zabura fiye da da. Mai shan Lasilix yana fitar da ruwa da gishirin da zuciya ke buƙata don bugu daidai. Idan zawo da amai suka haɗu da shi, ko zafin bazara na watannin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, to haɗarin ya ninku, ya koma wa likita a gyara masa awon maganin. Mai shan digoksin da ya fara jin tashin zuciya, da amai, da ganin abubuwa rawaya-rawaya, alamar maganin ya taru a jini ke nan, ya je a ranar. Mai shan Sintrom don tsinka jini ya riƙa yin awon jininsa a kan lokaci, ya guji diklofenak da ibuprofen da aspirin sai da izinin likita. Kuma tunda mu mutanen zogale ne, ya sani ganye irin su zogale da alayyahu da kuka suna rage ƙarfin wannan maganin. Ba a hana shi ci ba, amma ya daidaita, kada wannan mako ya cika ciki da kwaɗo, mako mai zuwa ya ɗauke gaba ɗaya.

Maganin da ake tallansa a faranti da bayan keke, wanda ya yini a rana a tasha da bakin kasuwa, mai ciwon zuciya ya nisance shi. Wasu magungunan mura suna sa zuciya gudu. Kinin da wasu magungunan zazzaɓi da na kashe ƙwayoyin cuta suna iya rikita bugu, shi ya sa duk inda za a rubuta maka magani, ka fara da cewa kana da ciwon zuciya, ka nuna abin da kake sha. Maganin ƙarfin maza yana iya kayar da jinin mai shan wasu magungunan ciwon ƙirji har ya suma. Tunfafiya da muke gani a kowane kango tana ɗauke da guba mai kama zuciya kai tsaye, kada a jiƙa ta a sha. Samari kuma, tramol da lemun ƙara kuzari na gwangwani da shayi mai kauri da Nescafé a kan rashin barci, wanda ya taɓa jin zuciyarsa ta yi masa tsalle ya bar su. Dattijon da goro ba ya rabuwa da bakinsa, shi ma ya rage.

Azumi na da nasa hukunci. Mai ciwon zuciya ya ga likitansa kafin watan ya kama, a tsara masa lokutan shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur, ko a ce masa bana ba zai iya ba. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Wanda jiri da gudun zuciya suka kama da rana tsaka, ya karya ya nemi likita.

Akwai kuma masu sana'ar da suma a cikinta ba ta tsayawa kan mai ita. Ɗan kabu-kabu, da mai adaidaita, da direban da ke bin hanyar Ɗan Isa ko ta Yamai, da magini a kan katanga, da mai haƙar rijiya, da manomin da ke tsaye a bakin magudanar ruwa a Jiratawa. Wanda ya taɓa suma ba sallama a cikinsu, ya ajiye aikin har likita ya ba shi izini. Na san abincin gida a kan wannan babur ɗin yake, amma fasinjan da ke bayansa ma yana da iyali. 'Yan'uwa su taimaka masa ya riƙe gida a 'yan kwanakin nan.

Tibiri da Jiratawa kowanne kilomita goma da 'yan kai ne daga Maraɗi, ba nisan da zai hana tafiya ba ne. A fara da CSI mafi kusa don a auna jini da sukari, a ba da takardar turawa, daga nan a wuce babban asibitin jiha na CHR ko asibitin Referans na Maraɗi. Kada a ɗora wanda ya suma a bayan babur shi kaɗai, kuma kada ya tuƙa kansa. A tafi da duk kwalayen maganin da yake sha, har na gargajiya, ba ɓoye-ɓoye, kuma a tafi da wanda ya ga faɗuwar da idonsa, domin wanda ya suma bai san yadda ya yi ba. A can, ku roƙa a yi masa awon wutar zuciya da ake kira elektro. Wayoyi ne ake liƙawa a ƙirji da hannu da ƙafa, ba zafi, ba allura, minti kaɗan ne. Likita yana iya ƙarawa da hoton eko na zuciya, da awon ƙarancin jini, da na maƙoƙo, tunda su ma suna sa zuciya gudu. Idan elektro ya fito lafiya amma abin ya sake dawowa, a koma, akwai na'urar da ake rataya wa mutum ta yini ta kwana tana naɗar bugun. Wasu sai an tura su Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, don a dasa musu batirin zuciya. Tun daga 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na awo da rabi a asibitocinta, saboda haka wanda tsohon farashi ya kora, ya koma ya tambaya.

Wani abu da ba mu cika yi ba, kuma ya kamata mu fara. Idan matashi ƙasa da shekara 40 ya rasu fuju'a, ya kwanta lafiya aka wayi gari ya cika, ko ya faɗi a gona ko a fili, ko ya nutse a Gulbi alhali gwanin iyo ne, mukan yi masa sutura cikin 'yan awoyi kamar yadda addini ya koyar, mu ce kwana ya ƙare. Haƙiƙa kwana ne ya ƙare. Amma wasu cututtukan wutar zuciya gado ne, kuma ɗan'uwan da suka fito ciki ɗaya yana iya kasancewa ɗauke da irinta bai sani ba. Bayan an share makoki, a kai ƙannensa da yayyensa da 'ya'yansa a yi musu elektro, a faɗa wa likita yadda mamacin ya rasu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da ke da mai ciwon zuciya ya san tun yau maƙwabcin da ke da mota da lambar wayarsa, ya ware ɗan abin da za a sa mai, kuma marar lafiyan ya riƙa yawo da takarda a aljihu mai ɗauke da sunan ciwonsa, da magungunansa, da lambar wanda za a kira. Ina kuma kira ga limamai da masu unguwanni, da shugabannin 'yan kabu-kabu da na 'yan kasuwa, da ƙungiyar manoman Jiratawa, da fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tibiri, su nemi 'yan kwana-kwana da ma'aikatan ƙungiyar agaji ta Kuruwa Ruj da majo-majo na CSI su zo su koya wa jama'a danna ƙirji a aikace, maza daban mata daban. Koyonsa ba ya cin yini guda. Kowane masallacin Juma'a, da kowace tasha, da kowane filin ƙwallo, a samu aƙalla mutum biyar da suka iya, a san sunayensu, a rubuta lambobinsu a bango.